Huɗuba a Bayan Mota

In kana son wa'azi kyauta a Kano, bi bayan 'yan Adaidaita Sahu a Titin Zariya da la'asar. Kowane keke da huɗubarsa. Wani ya rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya", kuma shi ke danna hon tun danja ba ta ba da hannu ba. Na gefensa kuwa "Mahassada ku huta". Sai ka dubi keken, rumfa a yage, taya duk faci, ka rasa wane marar aikin yi ne ke masa hassada.

Manyan motoci sun fi fili, saboda haka sun fi baki. Na taɓa bin wata tirela daga Kwanar Dangora, an zana mata zaki, an rubuta "Sauri ya haifi nawa". Awa guda ina bitar darasin cikin hayaƙi, direban ya ƙi ba ni hanya.

Maƙwabcina shi katanga ya samu. Tun zaɓen 2015 ya sauya sheƙa sau uku, bai taɓa ɓamɓare fosta ba, sabuwa yake liƙawa a kan tsohuwa. Daminar bara ƙasar katangar ta zube, fostocin suna nan tsaye.