Tara Bisa Ashirin

Akwai wata cuta da ke kama jikokin Kiristocin farko na ƙasar Gobir, ni kuwa tun ina goye ta kama ni. Mai ita yakan ɗauka bangaskiya gado ce, ana raba ta ranar da ake raba gona da rumbu. Kakana na cikin waɗanda suka zauna gaban turawan mishan na SIM a Tsibiri, inda suka kafa zango tun kafin 1930, bayan na Damagaram da suka buɗe a 1924. A asibitin mishan na Galmi aka yi wa babana aikin gwaiwa, kuma har wannan ina lissafa shi cikin martabar gidanmu. Saboda haka da takarda ta fito a Oktoban 2020 cewa an tura ni koyarwa Arlit, ni ban ga canjin wurin aiki ba, kira na gani. Na ce wa uwargida ta ɗaure kaya, Ubangiji na bukatarmu a hamada.

Ta ce, "Maigida, Ubangiji ne ko ma'aikatar ilimi?"

Na ce mata wani lokaci da hannu ɗaya suke sa hannu.

Daga Agadas zuwa Arlit kilomita wajen 240 ne, a kan hanyar da ake kira ta yuraniyom, wadda a lokacin ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Garin kansa bai girmi babana ba. A 1969 aka kafa shi saboda ma'adinin. Somair ta fara fitar da shi a 1971, Cominak ta biyo baya ta ƙarƙashin ƙasa a 1978, aka gina wa ma'aikatanta Akokan, tafiyar ƴan mintoci a babur. Tsofaffi na ba da labarin zamanin da ake ce wa Arlit ƙaramar Paris. Mu dai ba a Paris ɗin muka sauka ba. Unguwar ma'aikatan kamfani daban take, da bishiyoyinta; mu ɗakunan laka muka kama haya cikin gari, inda iska ke turo yashi ta ƙarƙashin ƙofa ta zuba maka a miya. Tuddan da na hango bayan gari har na fara yabon aikin Mahalicci, sai yaron mota ya ce mini ai tarin ƙasar da aka tono ce.

Uwargida ƴar Dogon Dutsi ce, kuma a gida ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ko yaji ba ta iya dakawa baki rufe. A Arlit bakin ya mutu. Ta share yashi da safe, ta share da rana, ta je kasuwa ta dawo tana faɗin kuɗin tumatir ƙasa-ƙasa, yadda ake sanar da rasuwa. Na duba lamarin da idon jikan mishan, nan take na gano ciwon: raunin bangaskiya. Magani kuwa na hannuna.

Sai na kafa addu'ar asuba. Ina tashinta tun kafin ladanin unguwa ya yi gyaran murya, in buɗe mata Littafin Ayuba, in bi shi aya-aya da sharhi. Sura 42 ne, na kuma ƙudura sai mun ga ƙarshensa. Dabarata ita ce, in ta ji abin da ya sami Ayuba, dukiya ta tafi, ƴaƴa sun tafi, ga miyaku, za ta ga kuɗin tumatir ba wani abu ba ne. A littafin akwai abokai uku da suka zo jaje suka ƙara wa mutumin ciwo da dogon bayani. Surorinsu na fi karantawa da daɗin murya, har ina tsayawa in jinjina musu.

Muna tsakiyar littafin maƙwabcinmu ya kira ni shan shayi. Dattijo ne Buzu, ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin ma'adinai. Sai da muka kai kofi na uku ya gyara amawali ya ce, "Mushe, ba shiga sharo ba shanu nake ba. Amma kullum da asuba muna jin kana yi wa iyali faɗa, ita ko ba ta ramawa. Mace mai haƙuri ba a sayenta a kasuwa. Ka sassauta."

Na yi masa bayanin cewa ibada ce. Ya ɗan yi shiru, ya ce to ai mutanenku na da wuraren ibada a garin nan, me zai hana ku je can a raba nauyin?

Gaskiyarsa. Sai dai jikan Tsibiri ba ya faɗa wa kowace coci haka siddan. Na ce wa uwargida ta dakata a gida tukuna, ni zan yi bincike, in na sami inda ya dace da matsayinmu sai in zo in kai ta. Na sayi littafin rubutu irin na ƴan makaranta, na ja layuka: koyarwa, waƙa, tsawon sujada, inuwa. Kowane layi maki bisa 20, irin na aji.

Lahadin farko na sha kwat da taye na fita. Na bi sautin ganga da lasifika har wata rumfa. Ga mata cikin anko suna tafi, ga manya a kujerun gaba, ga wani a tsaye yana shelar cewa wahala ta kusa ƙarewa, ruwa zai wadata, mara aiki zai samu. Na sami kujera a layi na biyu, na riƙa cewa Amin da ƙarfi, na kusa da ni na waigowa cikin jin daɗi. Na rubuta masa 14 a layin koyarwa, da sharhin cewa yana da wuta amma ba ya kawo aya. Sai da aka fara raba huluna masu hoton ɗan takara na tuna akwai zaɓe ranar 27 ga Disamba. Hular tana nan, tana tare rana sosai.

Arlit garin baƙi ne. Hanyar Aljeriya ta nan ta bi, iyakar Assamaka na gaba da wajen kilomita 200, aikin ma'adinai kuma ya tara mutanen Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, kowa da yadda ya iya roƙon Allah. A wata cocin da Yarbawa ke jagoranta aka ce baƙi su tashi su gabatar da kansu. Na miƙe, na gyara taye, na ce daga Tsibiri nake, gidan sarautar Gobir. Fasto ya sauko ya rungume ni, ya sanar wa jama'a cewa Allah ya amsa addu'arsu, ya kawo musu bawansu har gida. Ashe wasan Gobirawa da Yarbawa ba ya cire takalmi a ƙofar coci. Kafin a tashi na ɗauki injin wuta, na jera kujeru, wata tsohuwa ta ba ni jakarta in riƙe mata don ta ji daɗin rawa. Baiko kuwa zagaye ne bayan zagaye, da kiɗa, ba inda za ka ɓuya. Na shiga da canjin jika guda, na fito da dala ashirin. Waƙa 18, tsawon sujada 4.

A wurin Katolika ba wanda ya taɓa ni. Sujada da Faransanci, a natse, awa guda da ƴan kai. Gwiwata ce ta ba ni kunya: in sun durƙusa ina tsaye, in na durƙusa sun zauna, kafin in zauna sun miƙe. Yaron da ke taimaka wa Fada a gaba kuwa ɗan ajina ne, na san zuwa Litinin labarin ya gama makaranta. A nan na ji ana addu'a domin bishop na Maraɗi, don tun 2001 da aka kafa dayosis ɗin jihar Agadas duka na ƙarƙashinsa. Wato na keto rabin ƙasar Nijar a matsayin ɗan aike, na tarar Maraɗinmu ta riga ni isowa.

Kowace Lahadi in dawo in karanta wa uwargida sakamako, ta ce sannu da aiki.

Ana cikin haka sai waƙa ta dawo tsakar gida. Da farko na ba Ayuba lada. Amma na lura duk Alhamis da la'asar takan yafa mayafi ta fita, ta dawo ƙafa futu-futu da ƙura, fuska a sake. Hankalina ya tashi. Mace mai raunin bangaskiya tana samun farin ciki a inda ban duba ba, ban ba da maki ba? Ba shakka masu koyarwar ƙarya sun yi mini kutse.

Na ari rawani wurin maƙwabcina don in bi ta ba tare da ta gane ni ba. Rawanin Buzaye mitoci ne masu yawa, naɗa shi kuma ilimi ne da ba a koyarwa a makarantar horon malamai. Ya ce in kawo kai ya naɗa mini, na ce ya bari, na ga yadda ake yi. Na bi ta daga nesa, ido ɗaya a waje, lungu bayan lungu, har wani ginin laka mai rufin kwano. Ba allo, ba suna, sai ƙarfen ƙafar babbar mota rataye a jikin turke. Daga ciki muryoyin mata ke tashi da Hausa, da tulu da kacau-kacau, wata waƙa daga Littafin Waƙoƙi wadda kakata ke yi in tana kaɗi. Mai ba da waƙar kuwa na san muryarta. Na jawo wata jarka na hau, na leƙa ta taga, na zaro littafina.

Abin da bai shiga lissafina ba shi ne, tun Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, ba ikkilisiyar da ke wasa da baƙuwar fuska. Arlit kuma ba ta manta da motar bam ɗin da aka tayar a ma'aikatar Somair a Mayun 2013 ba. To ga mutum fuska a rufe, a jikin taga, yana rubuce-rubuce. Samari biyu suka yi ram da ƙafafuna. Jarka ta zame, bakin rawani ya maƙale a ƙusa, na zo ƙasa ina juyi yana warwarewa. Kafin in tattara kaina mata sun fito sun kewaye ni.

Wani dattijon ikkilisiya ya tsinci littafin, ya saka tabarau, ya fara karantawa a bainar jama'a don a san wanda ya aiko ni. Da ya zo kan 14 ɗin ɗan takara, samarin suka sake ni don su riƙe ciki. Na roƙe shi ya tsaya nan. Ya juya shafin ƙarshe.

"Uwargida. Bangaskiya, 9 bisa 20. Tana da baiwa amma ba ta ƙoƙari. A ci gaba da Ayuba."

Wurin ya yi tsit. Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Akwai wadda ta san mutumin nan?"

Ta matso, kacau-kacau a hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa ba gaggawa. Ta ce, "Baba, fuskar dai na san ta. Rawanin ne ban sani ba."

A hanyar gida na nemi sanin dalilin da ya sa ta ɓoye mini. Ta ce wace ɓoyewa? A wurin injin niƙa ta ji wata mata na rera waƙar a maƙogwaro, ita kuma ta kama mata baiti na biyu, suka ajiye kwanukan gero suka rungumi juna. A daren ta faɗa mini, ina cikin haɗa makin Katolika, na ce mata "to" ban ɗaga kai ba.

Lahadin da ta biyo ita ta kai ni. Na miƙa wa fasto katin baftisma da wasiƙar ikkilisiyarmu ta gida, na ɗora da tarihin kakana, na nuna a shirye nake in taimaka da wa'azi. Ya yi godiya ƙwarai, ya ba ni sandar ƙarfe, ya ce mai buga ƙararrawa suke nema. Na kawo hujja ta ilimi: masu binciken CRIIRAD daga Faransa sun auna tarkacen ƙarafa a kasuwar Arlit tun 2003, sun sami waɗanda ke fitar da tururi mai illa, to wa ya san asalin wannan? Dattijon nan ya ce, "Daga motar albasa ya fito, Mushe. Buga." A ikkilisiyar, Mushen ma a bakinsa kaɗai nake ji. Sauran jama'a mijin mai waƙa suke ce mini.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe. Ma'aikata wajen 600 suka ajiye hula, ban da na ƴan kwangila, waɗanda su ne suka fi yawa a bencinanmu. Wasu suka kwashe iyali suka yi kudu, har da ma'ajinmu. Zumuntar mata ta koma girki da karo-karo, gida-gida, wani lokaci har da waɗanda aka koro daga Aljeriya suka biyo ta Assamaka ba ko takalmi. Na raka uwargida gidan wata da mijinta ya rasa aiki. Ta zauna kusa da ita, ta jawo faranti suka kama tsintar shinkafa, jefi-jefi a yi maganar yara. Ina jira ta kawo aya, shiru. Na buɗe baki in ba ta satar amsa daga Ayuba, ta yi mini wani kallo, na fita na taya maigidan gyaran babur. Da za mu tafi matar na dariya, kuma ban san a wane layi zan rubuta wannan ba.

Littafin kuɗi dai ni aka ba, wai hannuna ya saba da lambobi. Can kuma fasto ya yi tafiya Agadas, aka rasa mai wa'azi, aka tuna da ni. Daren Asabar jikan Tsibiri ya kasa cin abinci, ciki na ƙugi, ina ta zirga-zirga zuwa bayan gida. Uwargida ta turo mini kwano ta ce, "Maigida, ci tuwo ka kwanta. Mutanen nan sun gan ka a ƙasa ba rawani, sun kuma bar ka ka dawo. Me ya rage?" Na ci, na yi barci har da minshari.

Yunusa na zaɓa, don sura huɗu ne kawai. Awa guda ta wuce ban jefa shi cikin teku ba, saboda na ɗan ratsa ta tarihin mishan. Da muka koma gida ta miƙo mini takarda a ninke: 11 bisa 20, yana da murya, a rage Tsibiri. Na ɗaukaka ƙara gaban dattawa. Suka ce za su ba ni damar gyara, amma cikin watan Mayu, lokacin da kwanon rufi ke gasa mutum, kuma minti 20 kacal. Sandar ƙarfen suka karɓa daga hannuna suka miƙa wa uwargida, suka ce in lokaci ya cika ta buga.