Taubashi, Ina Dutsen?

Taubashina na Shagari! Ka gaida kawu, ka ce masa ɗan ƙanwarsa na Boɗinga yana yi masa jaje, don na ji abin da ka jawo masa gida.

Labari ya riga ka isowa. An ce ka shiga birni da kuɗin albasa, ka dawo da keke ɗan gwanjo mai jan sifirin a tsakiyar ciki, tayoyinsa duk ƙuraje kamar bayan kada, ƙahonsa a miƙe kamar sandar makiyayi. Ranar da ka fara hawa, yara suka bi ka har bakin kasuwa suna tafi, kai kuma baki har kunne, a zatonka keken suke yabo. Na bincika. Sama da ƙasan da kake yi a kan sirdi suke kallo. Wata tsohuwa ma cewa ta yi tun da take ba ta taɓa ganin namiji yana tafiya yana sussuka ba sai a kanka.

To, kai ɗan namiji ne, Allah ya ba ka kuɗi. Ni ɗan mace, ya ba ni karatu. Zauna in gaya maka abin da ka saya.

Wannan jinsin keke ba don zuwa gona aka ƙirƙiro shi ba. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn, su kai su kan dutse, su sako su ƙasa a guje. A 1976 suka fara tsere a wata gangara mai tsawon kimanin kilomita 3, wadda daga samanta zuwa ƙasanta ake sauka kusan mita 400. Suka sa mata suna Repack, ma'ana a sake cusawa, domin kafin mutum ya kai ƙasa burkin baya ya ɗau zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Ka kuma lura, kekunan nan babu shokazoba ko ɗaya a jikinsu. Gwiwa da ƙugu ke shan gargada.

Shokazoba daga baya ta zo. Kamfanin RockShox ya fito da ta gaba a 1989, kuma a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango, inda Greg Herbold ya ci tseren gangara. Ta gaba ba ta ba kowa wahala ba. Ta baya ce ta hana maƙera barci, saboda tayar baya ita sarƙa ke ja. In ka sake ta tana hawa tana sauka, duk takun feda sai keken ya durƙusa, ƙarfin ƙafarka ya tafi wajen lanƙwasa sifirin maimakon tura ka gaba. In ka danna burki kuma, sai ta sandare daidai lokacin da kake neman laushinta.

Nan dabara ta rabu. Wasu suka rataye tayar a hannun ƙarfe guda mai juyawa a kan ƙusa guda, kamar ƙyauren ɗaki. Haka keken San Andreas na farkon shekarun 1990 yake. Wani ɗan Ostiriya, Horst Leitner, tsohon ɗan tseren babur, ya ƙara wata 'yar gaɓa dab da gindin tayar baya don burki ya daina hana ta motsi, har kamfanin Specialized ya sayi haƙƙin dabarar. Sai kashi na uku, waɗanda suka ce a haɗe feda da tayar baya a jikin ƙarfe ɗaya kowa ya huta. Irinsa ne keken Trek mai siffar harafin Y da ya fito a 1995. A zaune kana jin laushi. Da ka miƙe tsaye a kan feda, abin da duk mai gangarowa dole ya yi, sai nauyinka ya koma kan wancan ƙarfen, sifirin ya zama kusan ado. 'Yan tsere suka watsar da shi, masu ƙera kayan araha suka tsince shi.

Taubashi, naka jikan wannan na ukun ne, kuma kama kawai ya ɗauko, bai ci gado ba. Shokazoba ta gaskiya tana da mai a cikin bututu, shi ke riƙe sifirin kada ya dawo da fushi. Taka na leƙa ta ranar da ka zo nuna mini: babu mai, babu dalilinsa, sifirin ne zalla irin na gadon ƙarfen amaren da. Shi ya sa in ka faɗa rami ɗaya, sai ka yi tsalle uku.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Tambayata guda: ina dutsen? Daga ƙofar gidanmu zuwa taku kwalta ce shimfiɗe, wadda ta wuce Tambuwal ta nufi Jega. 'Yan tuddan marmara da ke gefen hanya akuya ma ba ta haki a kansu. Gangara mafi girma da ka mallaka ita ce ta bakin dam ɗinku, kuma ina roƙonka don Allah kada ka gwada, kawu ya tsufa. Ka sayi kwalekwale ka kai shi Agadas.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, kada ka ce hassada ce: a cikin rairayi faffaɗar tayarka ta fi tawa. Ranar da muka bi hanyar fadama ni na sauka na tura, kai ka wuce. Na yarda. Sai dai da muka hau kwalta ka ga abin da ya faru, ina tafe ina cin gyaɗa, kai kana bayana kana zufa kamar mai huɗa.

Rali na kuwa, wanda kake kira keken liman, gadon gwaggonka ne daga mijinta. Asalin gidansu Nottingham ta Ingila, kuma sun karɓu a ƙasar nan har aka riƙa harhaɗa su a Kano. Shi ma yana da sifirin, amma a ƙarƙashin sirdi, daidai inda ciwon yake. Bayansa ƙam yake, shi ya sa kariyarsa ke ɗaukar buhun gero, ko jarka biyu, ko ita gwaggon taka in za ta asibiti. Naka fa? Bayan da ke rawa ina za a ɗaura masa kariya? An ce ka ɗaure rabin buhun albasa a bayan sirdi da igiyar roba, kafin ka kai tasha mutanen unguwa uku sun sami ta miya. Allah ya karɓi sadaka.

Na kuma ji yadda kuka yi da mai faci. Ƙusar tsakiya ta fara lilo, tayar baya tana kaɗa wutsiya, ya juya keken ya sake juyawa, ya ce maka: "Wanga abu awa ɗan maraƙi, ba ya tsayawa wuri guda. In yi mai walda ka huta?" To in an yi masa walda ya daina motsi, me ya rage? Rali mai nauyi, marar kariya, a kan kuɗin Rali biyu.

Abin da ke ba ni mamaki, garinku garin natsuwa ne. Ku kuka ba ƙasar nan shugaba daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta mai tafiya a hankali, Allah ya jiƙansa. Mu kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a garinmu, Shehu ya zauna a Sifawa nan kusa da mu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ta wajen uwa da ta wajen uba duk babu mai rawar kai. Ban san ta inda ka ɓullo ba.

Ga shawara. Ranar kasuwarku mai zuwa ka kwana a Boɗinga, mu tashi bayan sallar asuba, kowa da tiya goma ta gero a kekensa, wanda ya riga isa ƙofar kawu shi ne ubangida na shekara guda. In ka ji tsoro, ba komai, ka sayar da sifirin ɗin ga masu gyaran gado, ka haɗo mini kuɗin sharata. Cika-ciki biyu ke nan ba ka biya ba, kuma na rubuta.