Ranar da Na Rufe wa Ofis Baki

A ofishinmu duk wanda ya iya sauya batirin rimot injiniya ne, shi ya sa aka ɗora mini kula da sabar imel. Postfix ce, manhajar da Wietse Venema ya fitar a 1998, tana aikinta ba ta kula kowa.

Wata Litinin manaja ya kira ni. "Injiniya, wasiƙun nan sun ishe ni. Duk abin da ya zo da sunana a kai wa Hajiya sakatariya." Na ce, "An gama, Yallaɓai." Na buɗe /etc/aliases, na rubuta manaja, ɗigo biyu, sakatariya. Sai na buga newaliases, domin Postfix ba ta duba abin da ka rubuta sai wannan umarnin ya mayar mata da shi rumbun da take karantawa. In ka tsallake shi, ka yi ta addu'a kawai.

Bayan kwana biyu Hajiya ta leƙo da jakarta a kafaɗa, za ta hutun haihuwa. "Ƙanena, ka tura nawa wajen Oga kafin in dawo." Ita ma aka gama mata. Ai ba a musu da mai ciki.

To, wasiƙa ta zo wa manaja, a ce je ki wajen sakatariya. Ta isa can, a ce koma wajen manaja. Haka take kai da kawowa kamar ɗan aike tsakanin kishiyoyi, har Postfix ta gane zagaye ake yi, ta mayar wa mai aikowa kayansa. A cikin ofis kuwa shiru kake ji. Manaja har yabona ya yi a taro, ya ce tunda Injiniya ya sa hannu hawan jininsa ya sauka.

Asiri ya tonu ne da wani ɗan kwangila ya shigo yana huci, riƙe da takardun da ya buga, kowacce na cewa saƙonsa ya dawo. Na duba mail.log, ga kalmar loop jere reras.

Na goge layi ɗaya, na sake buga newaliases. Kafin la'asar wayar manaja ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ya aiko masinja ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Injiniya, wancan tsarin na da, ba za a iya dawo da shi ba?"

Hajiya kuma sai bayan wata uku za ta dawo.