Ilimin Janareto a Kan Golf GTI

Duk abin da mutuminku ya sani game da inji, a jikin ƙaramin janareton gidansa ya koya. Idan ya ƙi tashi, sai ya kwance fulogi, ya kankare baƙin da reza, ya hure, ya ɗan buɗa bakinsa, ya ja igiya. Har maƙwabta suna aiko masa da nasu. Shi ya sa kansa ya kumbura ranar da ƙanin matarsa ya faka Golf GTI ƙirar 2007 a ƙofar gida, 'yar Kwatano, mai injin tarbo lita 2 da ƙarfin doki 200, ga sababbin fulogai huɗu na NGK masu kan iridiyum a leda.

"Yaya, in kai wa bakanike ko?"

"Bakanike a kan fulogi? Miƙo sifana."

Hujjar mutuminku ita ce: idan tazarar da ke tsakanin tsinin fulogi da ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso a kansa ta ƙaru, tartsatsin wuta zai fi girma, fetur ya ƙone sosai, mota ta zama kura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ne abin da ya rufta shi. Ya zura sukundireba ya dinga ɓanɓarawa da ido, ba awo. Tsinin iridiyum kuwa bai wuce milimita 0.6 ba, siriri kamar allura. A na uku aka ji "ƙas". Mutuminku ya yi tari don ya rufe ƙarar, ya ɗaura abinsa.

Mota ta tashi lafiya lau. A cikin gari ma ba ta nuna komai ba, yaro sai "Kai, Yaya!" yake yi. Sai da suka wuce Na'ibawa suka hau titin Zariya, suka cimma wata tirelar shanu, mutuminku ya ce, "Taka mata, ka ga aiki."

Ya taka. Tarbo ya yi fito, mota ta zabura, sannan ta sarƙe kamar wanda ƙashin kifi ya tsaya wa a wuya. Ta yi tari, ta fizga, salansa ta saki ƙara "tau! tau!" har wani mai rake ya watsar da baro ya faɗa kwalbati. Fitilar inji ta hau ƙiftawa. Tirelar ta wuce abinta, shanu suna leƙowa. Bayanta wani mai Adaidaita Sahu ya wuce su, har da ɗaga hannu.

Bakaniken da suka lallaɓa wurinsa bai yi dariya ba sai da ya zaro ma'auninsa, siraran ƙarafuna jere kamar wuƙaƙen wanzami, kowane da lambar kaurinsa. Fulogi na farko milimita 1.3, na biyu 1.5, na uku ba shi da kai.

"Alhaji, wane maƙiyin ne ya taɓa muku wannan?"

Mutuminku ya duƙufa kallon taya.

Bayanin ba wuya. Idan inji yana silo, matsin da ke cikin silinda kaɗan ne, wuta tana tsallakawa ko da tazara ta yi faɗi. Da tarbo ya cusa iska, matsin ya ƙaru, tsallaken yana neman ƙarin lantarki, koyil ya gaza. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya gangara salansa ya fashe a can. Wannan injin kusan milimita 0.8 yake so, waɗanda suka ƙara wa tarbo ƙarfi ma ragewa suke yi zuwa 0.7. Kuma in za a gyara, ɗan ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ba a jingina komai a kan tsinin.

Fulogai huɗu da koyil ɗaya, duk daga aljihun mutuminku. Labari kuwa ya riga shi isa gida. Da daddare aka ɗauke wuta, ya miƙe zai nufi janareto, uwargida ta ce, "Malam, zauna. Na aika a kira yaron maƙwabta."