Jinjina ga Kwamfuta Sarkin Riƙon Amana

A wannan zamani da amana ta yi tsada, wajibi ne a jinjina wa kwamfuta. Ka ƙure mata murya da daddare kana jin waƙar biki, ka kashe ta ka kwanta. Washegari ka kunna ta a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ko tari sai da dabara ake yi, nan take za ta maido maka da ajiyarka cif, ba ta ci ko ƙwaya ba. A cikin masu zare maka ido, wa ke da irin wannan gaskiya?

Ga masu amfani da Linux, alherin ya samo asali ne daga ALSA, tsarin sauti da Jaroslav Kysela ya fara a 1998. Akwai wani ɗan hadimi a cikinsa mai suna alsactl. Idan za a kashe inji, sai ya rubuta matsayin kowace murya a wani fayil, asound.state, idan an kunna ya karanto ya mayar. A tsarin da aka fi sabawa, ba ya ɗaukar alƙalami sai an yi sallama da inji yadda ya kamata. Da gani ka san da Sakkwato a ransu suka tsara, garin da wuta ke aiko da takardar ban-kwana kafin ta tafi! Mai shagon buga takardu a titin Emir Yahaya, wanda injinsa ya dogara da wannan hadimi, zai rage murya da safe, a ɗauke wuta da azahar, a tayar da janareta, sai ga ƙarar shekaranjiya ta dawo. Girmama tarihi ke nan, kuma mu nan ba a koya mana darajar tarihi.

Da aka ga hadimi ɗaya ya yi kaɗan, sai Lennart Poettering ya kawo PulseAudio a 2004, shi ma da nasa kundin. Daga baya PipeWire ya iso, Fedora ta karɓe shi a 2021, yana tafe da magatakardansa WirePlumber. Hadimi na farko ya saita murya ana tayar da inji, kana shiga da sunanka na baya ya warware ya ɗora tasa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Shiru ma amana ne, kuma kwamfuta tana riƙe shi da kyau. Idan aka kashe ta murya a toshe, haka za ta tashi bebiya kullum. Mai ita ya hau kabu-kabu daga Mabera cikin ranar Afrilu, ya sayo sabuwar lasifika, alhali maganin bai wuce ya buɗe alsamixer ya danna harafin M ba. Ɗan kabu-kabu ya samu, mai shago ya samu. Wace hukuma ce ta taɓa samar da aikin yi cikin sauƙi haka?

Kamfanin Apple ya fi kowa zurfin tunani. Yana adana ƙarfin murya a wata 'yar ma'ajiya da ba ta mantuwa ko an kashe inji, don ƙarar tashi ta riga yatsanka isa ga maɓalli. Sun cire ƙarar a 2016, da suka lura duniya ta yi maraici sai suka maido da ita a 2020.

Akwai dai masu gajen haƙuri. Su ne za su daidaita murya, su rubuta alsactl store da hannunsu ba tare da jiran sallama ba, ko su dakatar da hidimar maidowar, ko su umarci inji ya riƙa tashi a kashi 30 kullum. Har wasu na neman a sa musu wannan zaɓi a fili, inda mai karatun firamare ma zai gani. Kada a biye musu. Yau idan aka bar mutum ya zaɓi ƙarar injin da ya saya da kuɗinsa, gobe cewa zai yi injin nasa ne.