Cincin ɗin Masu Gudun Ƙiba

Wani sabon yayi ya shigo Daura ta wayar salula: cincin na Sallah wanda babu alkama, babu sukari. Hajiyoyin da a da suke sayen fulawa buhu guda yanzu sun ɗaura yaƙi da gulutin. In aka tambayi ɗaya mene ne shi, sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ke dai bari, ƙawata, mugun abu ne. A TikTok na gani."

Gulutin dai furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke ba kwaɓin fulawa danƙo. Masu ciwon hanjin da likitoci ke kira siliyak, waɗanda yake yi wa illa da gaske, kusan mutum 1 ne cikin 100 a duniya. Amma a zauren WhatsApp na matan unguwa, sauran 99 ɗin ne suka fi kuka da shi.

Sai a yi aike Kano ko Abuja a kawo garin almon, 'yar leda guda a kuɗin da zai sayi tiyoyin gero. A kwaɓa da ƙwai da man shanu, a yanka da kyar. Da yake babu danƙo, ana zubawa a mai sai ya watse, kowane ɓurɓushi ya kama gabansa. Abin da aka tsamo sai a jera a kwanon tangaran. Yaran da suka zo barka da Sallah su gutsira, su kalli juna, su ce, "Hajiya, mun gode, a ba mu kuɗin kawai." Maigida kuwa ya tauna cikin haƙuri, ya kora da ruwa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Sau nawa ake sha a rana?"

Abin dariyar, gero da dawa da shinkafa ba su da gulutin ko kaɗan. Furar da ake damawa daga Sandamu har Ɓaure ba ta da shi, nakiya ma haka. In kuma sitaci ake gudu, ga ƙuli-ƙuli tuli a kasuwar Mai'aduwa, na gyaɗa zalla, mai araha. Arahar ce ma laifinsa. Wa zai ajiye wa baƙi ƙuli-ƙuli ranar Sallah, a fita da shi a ce karayar arziki ta same shi?

Mai ciwon suga da likita ya kafa wa doka, wannan ba da shi muke ba. Da Hajiya muke, wadda za ta dawo daga kallon Hawan Magajiya a gajiye, ta tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa, ta bi da alkakin da maƙwabciya ta aiko, ta ɗora lemon kwalba. In ƙanwarta ta yi magana, sai ta ce, "Haba, ai Sallah ce. Ranar Litinin zan fara."