Tsegumi: Kwalbar da Aka Buɗe Tun Makon Jiya

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta lasifika ba ce. Daga bayan kantar manyan otal-otal na Paris da Landan ta ɓullo, can inda ake sayar da shamfen kofi-kofi, kuma masu wuraren sun fi son a bar kaza cikin gashinta. Kafin wani ya ɗaga min gira: ban ce kowa ya sha ba. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ba ni zan maimaita muku karatun ba. Amma mai tsegumi bai damu da abin da ke cikin kofi ba, abin da ke bayan labule yake leƙe.

Ga raɗar. Kofin shamfen ɗin da ake ajiye wa babban baƙo yana ta tsatso da kumfa, har ya ɗauka don shi aka fasa kwalbar, to tana yiwuwa kwalbar nan ta yi kwana goma ko fiye da buɗewa. Gas aka ɗura mata aka mayar firji. Baƙon ya biya kuɗin sabuwa, ya tafi gida yana yabon wurin.

Sai kun san yadda kumfar take kafin ku ji daɗin gulmar. Shamfen giyar inabi ce ta yanki guda a arewa maso gabashin Faransa, kewayen garuruwan Reims da Épernay, kuma mutanen yankin ba sa ɗaga wa kowa ƙafa a kan sunan. In ba daga ƙasarsu ta fito ba, kotu za ta raba ku. Abin da suke tinƙaho da shi shi ne a cikin kwalbar ake haifar kumfar. Sukan zuba wa giyar ɗan sukari da yis, su toshe. Yis ya cinye sukarin ya fitar da iskar kabon, ita kuma ta rasa ƙofar fita, sai ta narke a cikin ruwan. Doka ta ce kwalba ta yi aƙalla wata 15 a ma'ajiya kafin ta fita kasuwa, wadda kuwa aka rubuta wa shekarar girbi sai ta yi shekara 3. Idan ta kammala, kwalbar da cikinta bai wuce mililita 750 ba tana riƙe da gas kusan giram 9, wanda in aka sake shi zai kai wajen lita 5. Lita biyar a cikin abin da bai cika lita guda ba! Shi ya sa kwalbar take da kauri, shi ya sa ake ɗaure toshiyarta da waya.

Da ka cire toshiya, asara ta fara. Kwalba ɗaya kofi shida take bayarwa. Mutum ɗaya ya nemi kofi guda na mai tsada a daren Litinin, sauran biyar suka zauna jiran mai saye, zuwa Alhamis sun lafa, ba mai karɓa. Wannan lissafin ne ya daɗe yana hana manajoji barci, shi ya sa a da ba a cika sayar da manyan sunaye kofi-kofi ba. Ko ka sayi kwalba sukutum, ko ka haƙura.

Marfi mai maƙalewa, irin na ƙarfe da ake samu da araha, yana taimakawa na kwana biyu ko uku in akwai sanyi. Matsalarsa ita ce gurbin da aka bari a saman kwalbar. Giyar ce da kanta za ta riƙa sakin gas ɗinta don ta cike wannan gurbi har matsin ya daidaita, kuma gwargwadon raguwar ruwan, gwargwadon girman gurbin da asarar. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1803. Dabarar na'urorin gas ɗin ba ta wuce wannan ba: a cike gurbin da iskar kabon daga 'yar tukunya, giyar ta huta da biyan bashi daga jikinta.

Masu wannan sana'a sun daɗe a gari. Kamfanin Bermar na Ingila yana sayar wa mashaya na'urarsa mai suna Le Verre de Vin tun farkon shekarun 1990, da alkawarin kwana 21. Akwai Perlage ta Amurka, wadda ake sa kwalbar gaba ɗaya cikin wani kwanso kafin a danna gas, saboda ko ta fashe kada ta yi ɓarna. Amma wanda bakin kowa ke kansa yanzu shi ne Coravin.

Mai Coravin, Greg Lambrecht, ba ɗan gadon giya ba ne. Kayan asibiti yake ƙerawa, allurai da makamantansu. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa lokacin da matarsa ta samu juna biyu ta daina sha, ya rasa abokin ƙarasa kwalba, sai ya shiga tunanin yadda zai ɗebi kofi ɗaya ba tare da ya cire toshiya ba. A 2013 ya fito da na'ura mai siririyar allura da ke huda toshiyar, ta tura iskar agon ciki, ta zuƙo giya. Abin da 'yan tallarsa ba sa son a tuna musu shi ne 2014, lokacin da aka dakatar da sayar da ita na ɗan lokaci domin wasu kwalabe sun fashe a hannun masu su, har aka koma raba wa jama'a wata riga da ake sa wa kwalba. Wannan a kan giya marar kumfa ke nan fa. Ga shamfen, kamfanin da kansa ya ce kada a kuskura a soka mata allurar. Sai a 2021 ya fito da Coravin Sparkling, wadda ba ta da allura: a buɗe kwalba yadda aka saba, a maƙala mata marfi mai kamun kuturu, a danna iskar kabon. Alkawari: mako huɗu. Farashin farko a Amurka: kusan dala 400, ban da kuɗin 'yan tukwanen gas da za ka yi ta saye har ranar da ka gaji.

To, ga inda goro ya shiga miya. Wa ya tsaya wa na'urar, ya gwada ta a kan kayansa, ya sa mata albarka? Moët Hennessy, reshen giya na daular LVMH ta attajiri Bernard Arnault, masu Dom Pérignon da Krug da Veuve Clicquot da Ruinart. Ku tsaya ku yi tunani. Mai sayar da kaya ya fi son a shanye a sake saye. Me zai sa ya goyi bayan abin da ke tsawaita ran kwalba? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ba zai iya kwalbar Krug ba zai iya kofi ɗaya, wanda ya ɗanɗana kofi ɗaya kuma wata rana zai nemi kwalba. Otal ɗin da a da yake tsoron buɗewa, yanzu zai jera sunaye biyar a takardar farashi. Kuma lokaci ya zo ya gaskata su, domin kasuwa ta ja baya: yankin ya fitar da kwalba wajen miliyan 326 a 2022, ya sauko 299 a 2023, ya ƙara gangarowa 271 a 2024. Mai kayan da ke kwantai ba ya raina ciniki ƙanana.

A can ƙauyukan inabin kuwa, tsofaffin hannu suna taɓe baki. Shekara da shekaru suna yi wa giyar da ake ɗura wa gas daga tukunya kallon 'yar bora. Dokar Tarayyar Turai ma ta wajabta wa irin wannan giya ta faɗi a jikin takardarta cewa ƙara mata gas aka yi. Yau ga shi kwalbar da ta shekara bakwai a ƙarƙashin ƙasa tana tara kumfarta, yaron mashaya yana danna mata gas na masana'anta a ka. Masu kare na'urar suna cewa gas ɗin a sama yake tsayawa yana gadi kawai. Masana sinadarai kuma suna murmushi, don sun san ƙwayoyin na sama da na ƙasa suna musanyar wuri ba dare ba rana, kuma iskar kabon duk ɗaya ce, ko yis ya haife ta ko inji. A ganina masanan ne da gaskiya, harshe ba zai bambance ba. Sai dai in haka ne, rabin labarin da ake sayar wa mutane da tsada ya zama tatsuniya, kuma ba mai son a faɗi wannan da ƙarfi a Épernay.

Wurin da na fi zargi shi ne alkawarin makonnin nan. Kumfa daban, ɗanɗano daban. Duk lokacin da aka buɗe aka tsiyaya, iskar waje ta shiga, da oksijin ɗinta, kuma oksijin shi ke tsufar da giya, ya dusashe ƙanshinta. Gas zai riƙe kumfa, amma abin da oksijin ya riga ya taɓa ya taɓu. Kwalbar da aka buɗe sau ɗaya aka rufe ba ɗaya take da wadda aka buɗe sau biyar ba, ko da rana ɗaya aka fasa su. Sannan na'ura ba ta danna kanta. Raɗe-raɗin da ke yawo tsakanin masu hidimar tebur shi ne, a daren da aiki ya kacame, marfi kawai ake maƙalawa a ce za a danna gas anjima, anjimar kuma ta zama gobe. Wani lokacin tukunyar ta ƙare ba wanda ya lura. Wuraren kirki suna rubuta ranar buɗewa a bayan kwalba. Waɗansu kuwa, in baƙo ya tambayi yaushe aka buɗe, amsar kullum ita ce ɗazu. Shi ya sa waɗanda suka san gari suke cewa a kawo kwalbar gabansu a zuba, su ga marfin da ke kanta.

Akwai kuma ta'asar sababbin ma'aikata. Famfon da ke zuƙe iska daga kwalba, irin Vacu Vin na Holan, don giya marar kumfa aka yi shi. Wanda ya sa shi a shamfen ya zuƙe kumfar da hannunsa. Wanda kuma ya hura iskar waje ko agon ciki yana ganin ai matsi matsi ne, shi ma ya yi aikin banza, domin iskar kabon ba ta jin tsoron kowace iska sai 'yar uwarta.

Batun cokali fa? Faransawa sun gaji wani camfi: wai a rataya ƙaramin cokali, in so samu ne na azurfa, a bakin kwalba, kumfa ba za ta gudu ba. Masu binciken hukumar shamfen da ke Épernay sun gwada a tsakiyar shekarun 1990, suka tarar da cokali da babu duk ɗaya. Sanyin firji ne ke yin aikin, cokali yana karɓar yabo. Har yau ana ratayawa.

Abin dariyar ma a wurin zubawa yake. Gérard Liger-Belair, malamin kimiyya a jami'ar Reims wanda ya daɗe yana nazarin kumfa, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa in aka karkata kofi aka zuba a hankali ta gefe, gas ya fi tsira a kan a tsaida kofi a kwarara ta tsakiya. Amma a wuraren 'yan gayu, ta tsakiyar ake kwararawa don kumfa ta taso baƙo ya ga abin kallo. An kashe dala 400 ana tsaron gas, an zubar da wani kaso nasa cikin daƙiƙa biyar don burgewa.

Mu nan gida fa? Najeriya na cikin manyan masu sayen shamfen a Afirka, amma a gidajen rawa na Legas ba na jin mai wannan na'ura zai yi ciniki. Can ba a ajiye saura. Da tartsatsin wuta ake rako kwalba, a girgiza a fesa, a kira wata.

Inda zancen ya taɓo teburinmu shi ne irin marar sa maye. Kun san a tseren motoci na Formula 1 a Bahrain, abin da zakaru ke fesawa a kan dandamali ruwan wardi ne mai gas. Manyan kamfanonin sun ga wannan kasuwa sun lashe baki: a 2024 Moët Hennessy ɗin nan dai ya sayi hannun jari a French Bloom, mai yin ruwan inabi mai kumfa marar giya, wanda kwalbarsa ba ta arha. In irin waɗannan suka yawaita a otal-otal da wuraren dina na Abuja, na'urar gas za ta biyo su, da alkawarin makonninta. A nan ne nake so uwar biki da mai sallamar baƙi su buɗe kunne. Giya tana da sinadarin da ke kare ta daga lalacewa. Marar giyar ba ta da wannan garkuwa, ga kuma zaƙi a mafi yawansu. Duk mai sayar da zoɓo ta san abin da ke faruwa da ruwa mai sukari in ya kwana biyu ba sanyi. Gas zai riƙe kumfa, amma ba zai hana yis ɗin da ya faɗa ciki daga iska cin sukari ba, musamman a garin da wutar lantarki ke tafiya ba sallama, firji ya wuni yana zufa. Abin da yis ke haifarwa in ya ci sukari kuwa, na riga na faɗa muku a sama: gas, da kuma ainihin abin da aka biya kuɗi don a guje masa. Ku duba bayan kwalbar, masu yin ta sukan rubuta kwanakin da za ta yi bayan buɗewa, kuma da kwanaki suke lissafi, ba makonni ba.